Zanen da mahaifiyarka ta rasa samansa da ƙasansa

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya Ikko, ya haƙuri da cunkoso? Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. An samu ruwa sau biyu a makon nan, har mun yi shuka a gonar bakin rafi. Ƙannenka duk suna gaishe ka, Auta kuma ta ce in tuna maka alkawarin takalminta.

Na ga gara in rubuto maka da in sake kira, don wayar da muka yi ranar Juma'a ba ta ƙare da daɗi ba, kuma na san ni ma na ɗaga murya fiye da kima. Magana biyu ce. Ta farko takardar ɗaukar aiki da kwalejin horar da malamai ta aiko maka, wadda har yanzu tana aljihun babbar rigata, wa'adin amsa ta kuma ƙarshen watan nan ne. Ta biyu kalmar da ka gaya wa mahaifiyarka. Kai ka ɗauke su daban-daban. Ni da na kwana ina juya su, sai na ga gindinsu ɗaya.

Bari in gaya maka yadda abin ya faru a nan, tunda kai murya kawai ka ji. Hoton zanenka ya shigo bayan la'asar, tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale. Auta ta miƙa mata wayar. Ta goge hannu a zani, ta karɓa da hannu biyu kamar an ba ta jariri. Ta duba, ta juya wayar, hoton ya juya tare da ita, ta sake juyawa, ya sake bin ta. Sai ta ce, "To ni ina ne saman, ina ne ƙasan?" Yara suka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Sannan ta tambaya, da zuciya ɗaya, ko ka gama ne ko da saura. Shi ne ka ce mata, "Umma, ba za ki gane ba, wannan ba irin naku ba ne." Ba ta ce uffan ba. Ta mayar wa Auta wayar, ta ci gaba da zogalenta. Sai da dare ta ce mini, "Malam, ashe yaron nan ya yi mana nisa haka?" Shekara talatin da ɗoriya muna tare, na san lokacin da abu ya soke ta.

Da na yi maka faɗa, sai ka jefo mini sunan Ibrahim El-Salahi, mai zanen nan ɗan ƙasar Sudan. Ka ce shi ma mutanensa ba su gane shi ba, amma ga shi duniya ta sallama masa, har babban gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan ya ware masa ɗakuna. To, na bi sawun maganarka. Na sa an sauko da kwalin littattafanka, na zaro kundin digirin da ka rubuta a kansa, na karanta shi dare uku da tabarau, Auta kuma ta taya ni neman ƙarin bayani a waya. Sunan ma ba baƙo ba ne a kunnena, na ji shi shekarar da na yi kwas ɗin Larabci a Khartum, sai dai a lokacin ban ɗauki zane a bakin komai ba. Rubutunka ya yi kyau, ban ƙi ba. Amma tsohon malami ba ya rabuwa da jan biro: ka ba baje kolin Landan na 2013 shafi bakwai, shekarun da ya dawo gida ya rasa mai kallon aikinsa kuwa ka ba su rabin shafi. Ni rabin shafin nan nake so mu zauna a kai.

Kafin nan, yi lissafi. An haife shi a Umdurman a 1930. Ranar da aka buɗe wancan baje koli yana da shekara 82, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da gidan ya tattara wa aikin rayuwarsa gaba ɗaya ya nuna. Tsakanin dawowarsa daga karatu a 1957 da wannan rana shekara 56 ne. Kai wata 11 ke nan da gama bautar ƙasa.

Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, wadda can suke kira khalwa. Na shiga irinsu a Umdurman: allon nan dai, tawadar nan dai, yara na rangaji suna ɗaga murya, in ka rufe ido sai ka rantse a zauren kakanka Alaramma kake. A nan yaron ya fara riƙe alƙalami. Daga baya ya shiga sashen zane na kwalejin Gordon a Khartum a 1949, sannan ya samu tallafin karatu zuwa makarantar Slade a Landan daga 1954 zuwa 1957. Ya koyo aikin Turawa har ƙarshensa, yadda ake zana fuska ta fito kamar za ta yi magana, yadda ake auna nesa da kusa, haske da inuwa. Ya dawo ƙasarsa ba ta daɗe da samun 'yanci ba, ya kama koyarwa a makarantar zane ta Khartum, ya kuma shirya baje koli ya rataye abin da ya koyo: fuskokin mutane, kayan da aka jera a tebur, har da zanen tsiraici irin na ajin Turawa. Shi da bakinsa ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Ranar buɗewa mutane sun zo, sun sha lemo, sun tafi. Daga ranar ba wanda ya sake leƙowa.

Ka tsaya nan ka dubi mutumin. Matashi ne da takardar Landan a hannu, a zamanin da ba kowa ke da irinta ba. Ba abin da ya fi masa sauƙi kamar ya ce jama'a ba su waye ba, ya koma yi wa jakadu da Turawan kamfani zane. Shi kuwa ya ce kusan shekara biyu ya yi a tsaye cik, yana tambayar kansa me ya sa mutanensa ba su ga abin so a aikinsa ba. A jikinsa ya fara neman laifin. Ya shiga duba abin da mutane suke ratayewa a bango da abin da suke ƙawata ɗaki da shi, ya tarar da ayoyi da aka rubuta da kyakkyawan hannu, ga adon faifai da tabarma da ƙwarya da fata. Mutanen da ake cewa ba su san zane ba, ashe gidajensu cike suke da shi.

Sai ya fara saka ɗan rubutun Larabci a kusurwar zane, ƙarami kamar kan sarki a ambulan. Mutane suka fara matsowa. Ya baza rubutun a faɗin zanen, suka ƙara matsowa. Daga nan ya shiga farfasa haruffan kansu, yana kallon gangar jikin harafi da farin da ke tsakanin baƙi da baƙi, har siffofi suka riƙa ɓullowa daga ciki, wani kamar tsuntsu, wani kamar tsiro, wani kamar fuska mai manyan idanu. Launinsa ma ya koma na ƙasar da ya tashi a kai, ja-ja da ruwan ƙasa da baƙi da fari. Wani babban aikinsa na farkon shekarun 1960, wanda yanzu yake hannun Tate ɗin da kake ambato, a kan damuriyya ya yi shi, wato farin saƙin auduga na Sudan, ɗan'uwan wanda masaƙanmu suke yi. Da shi da Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq aka san abin da ake kira Makarantar Khartum. Ba a daɗe ba labarinsa ya iso ƙasar nan, aka nuna aikinsa a kulob ɗin Mbari na Ibadan, inda su Wole Soyinka da Demas Nwoko suke haɗuwa.

Ka ga ke nan wanda ka kafa mini hujja da shi, da aka ƙi kallon zanensa bai ce wa kowa "ba irin naku ba ne" ba.

Yanzu bari in kai ka zauren wanda ka ci sunansa. Ba ka riski Alaramma ba, Allah ya jiƙansa, kana rarrafe ya rasu. Manya sun san shi da rubuta Alƙur'ani da ka, amma yaran unguwa da zayyana suka san shi. Duk wanda zai yi sauka, allonsa a hannun Alaramma yake kwana. Ina ganinsa yanzu haka. Da hantsi zai shimfiɗa buzu a bakin ƙofa inda haske yake, ya jera kurtu huɗu, baƙa da ja da rawaya da koriya, ya fere alƙaluman gamba kowanne da kaurin bakinsa. In zai yi da'ira, ƙaramin ƙoƙo yake kifawa ya zagaye bakinsa. In zai ja miƙaƙƙen layi, tsagin kara ne rularsa. Ya yanka gida-gida, ya raba kowane gida, ya cika wannan ya bar wancan fari, ya saƙa layi ya nutse ƙarƙashin wani ya ɓullo ta saman wani, har idonka ya rasa inda ya faro. Kwana uku yana kan allo ɗaya. In tawada ta yi ruwa ya ƙara ƙaro. In muka matso da yawa ya ɗaga alƙalami ko dubanmu bai yi ba, mu ja da baya. A tsakiya ya bar fili ya rubuta Fatiha, a ɗaya fuskar kuma farkon Baƙara. Babu mutum a zanen nan, babu dabba, babu itace, layi ne da launi da fili. Ban taɓa jin wata tsohuwa ta tambayi ma'anarsa ba, guɗa suke rangaɗawa in an fito da shi. A Sudan ma suna yi, sharafa suke ce masa, kuma Salahi ya tashi yana ganinsa.

Mahaifiyarka da ka ce ba za ta gane ba, ita ce ke hango aska takwas a wuyan riga ta ce wannan ɗinkin hannu ne, wancan na inji. Ita ce ta mayar da faifai shida wajen mai saƙa lokacin bikin yayarka don jan ya danne koren. Matar da ke yin haka ta san zane marar sura tun ba a haife ka ba. In ta dubi naka ta rasa sama da ƙasa, mai yiwuwa ƙaramin gilashin waya ne ya cuce ka, mai yiwuwa kuma zanen ne bai gama nuna ba. Ni ban isa in yanke ba. Amma tambayarta ta mai ido ce, kuma kyauta ta yi maka ita.

Ni ma ina da nawa laifin, gara in faɗa da bakina. Bayan rasuwar Alaramma an bar mini allunan zayyana 11 da ya yi wa 'ya'yan gida. A lokacin ina ji da kaina, sabon hedimasta, ina ganin waɗannan kayan da ne. Na tura su ɗakin zaure tare da tsofaffin buhuna na manta. Da muka zo gyaran ɗakin bayan shekaru, gara ta gama da tara. Na ɗaga ɗaya ya marmashe a hannuna. Biyu suka tsira, suna nan cikin akwatin ƙarfe, na naɗe su da tsohon rawani. Ni ne kuma na zane ka kana aji huɗu don ka cika bayan littafin lissafi da zane. Saboda haka in na ce maka kada ka raina abin gida, wanda ya raina ya ga abin da ya biyo baya ne ke magana.

Sai maganar aiki. Ka ce koyarwa kabarin mai zane ce, wanda ya shiga aji ya ajiye buroshi. Ban ce ƙarya kake ɗungurungum ba. Shekara 35 na yi da alli a hannu, na ga masu baiwa da yawa da rajista da makin jarrabawa da jiran albashi suka cinye. Na san malamin zanen da ya yi ritaya shekara ashirin rabonsa da fenti, in ban da rubuta allon sanarwa na makaranta. Albashin ma na ga abin da suka rubuta, ba zai sa ka yi ƙiba ba. Duk na yarda.

Amma dubi mutanen da kake yi wa kirari. Aikin da ya fara fito da sunan Salahi a shekarun koyarwarsa a Khartum ya yi shi. Kamala Ishaq ta daɗe tana koyarwa a wannan makaranta, kuma da ɗalibanta ta haɗa kai a shekarun 1970 suka fito da sabuwar tafiya da ta saɓa wa ta farko. Dawo Zariya inda ka yi karatu. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a 1958, tun makarantar ba ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ba, waɗanda suka ce ba za su haɗiye manhajar Turawa ba sai sun gauraya ta da ta gida, ina suka ƙare? Uche Okeke ya je Nsukka ya shugabanci sashen zane, ya shigar da zanen uli na matan Ibo cikin karatu. Yusuf Grillo ya yi shekaru yana jan ragamar sashen zane a kwalejin Yaba, nan kusa da kai. Bruce Onobrakpeya ya daɗe yana koyar da 'yan sakandare a Ikko. Daga bayansu ga Gani Odutokun, wanda malamanka ke ambato kamar jiya ya fita: yana koyarwa a Zariya yake kwarara fenti a yadi yana barinsa ya bi hanyarsa, har hatsarin mota ya ɗauke shi a 1995. Wanne daga cikinsu aji ya binne?

Albashi, komai ƙanƙantarsa, yana ba ka bakin cewa a'a. Wanda kuɗin hayarsa ke hannun mai saye, abin da mai saye ke so shi zai zana. Kai da kanka ka gaya wa yayarka cewa mai gidan baje kolin da kake kai wa aiki ya ce ka riƙa yin shuɗi da ruwan gwal, wai su ke tafiya da kujerun masu kuɗi, kuma rabin cinikin nasa ne. A wata huɗu ka sayar da biyu. Kana kwana a ɗakin zanen abokinka cikin warin fenti. Wannan ne 'yancin da kake tsoron aji zai ƙwace maka? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, Babana.

Sannan ɗalibi yana tilasta maka ka san abin da kake yi. Yaron da ya fito daga ƙauye, bai taɓa taka gidan baje koli ba, zai ɗaga hannu ya yi maka tambayar Ummanka, ina sama ina ƙasa, kuma ba ka da damar ce masa ba zai gane ba, tunda biyanka ake yi ka ganar da shi. Ni nahawu na gaske ranar da na fara koyar da shi na fara saninsa. Waɗanda za ka koyar kuma malamai za su zama, kowannensu zai tsaya gaban yara hamsin ko sittin a makarantun da an manta rabon da a yi darasin zane. Wani ne zai nuna musu cewa hular da ke kansu da adon bangon gidajen birnin Zariya da lallen hannun ƙannensu duk darasi ne. In ba irinku ba, wa?

Inda zan ja maka kunne shi ne kujerar gwamnati. Salahi ya bar aji ya tafi ofishin jakadancin Sudan a Landan a 1969, ya dawo ya zama babban jami'i a ma'aikatar al'adu zamanin Ja'afar Numairi. A watan Satumba na 1975 aka yi yunƙurin juyin mulki, aka zarge shi da hannu, aka kai shi kurkukun Kobar. Wata shida da kwana takwas, ba a taɓa tsayar da shi gaban alƙali ba. A can an hana fursuna takarda da abin rubutu, wanda aka kama da su sai ɗakin kaɗaici. Ya samu guntun fensir, ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai, in ya ji motsin gandiroba ya binne cikin yashi. Tunda takardar ba ta da faɗi, sai ya fara daga guntu ɗaya a tsakiya, ya ƙara wani a gefensa, wani a samansa, zanen na girma kamar tsiro, shi kansa bai san inda zai tsaya ba. Da aka sake shi a 1976 dabarar ta fito tare da shi. Ya cika wani ɗan littafi da zane da rubutu na abin da ya gani a ciki, wanda yanzu yake gidan adana zanen zamani na New York. Manyan ayyukansa na baƙi da fari bayan ya koma Ƙatar, har da wani mai falle tara na tsakiyar shekarun 1980, da wannan hanya ya gina su. A Doha ma aikin ofis yake yi a ma'aikatar watsa labarai, kimanin shekara ashirin, yana zane a ragowar lokacinsa, kafin ya zauna a Oxford a 1998.

Na kawo wannan ne saboda ƙorafinka na tsadar yadi da fenti. Na san da tsada, kusan komai daga waje yake zuwa, dala kuma ba ta jin kira. Amma mutumin nan da tsufa ya kama shi, ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban babban zane, sai ya koma zama a kujera yana zane da alƙalami a bayan kwalayen magungunan da yake sha da tsofaffin ambulan. An nuna irinsu a babban baje kolin Venice ta Italiya a 2022, yana da shekara 91. Tawadar Alaramma kuwa da baƙin gindin tukunya da ƙaro ake haɗa ta. In fenti ya gagara wata guda, ƙaro na nan a kasuwa mudu-mudu, ga jar ƙasa, ga baba a marina. Ban ce ka koma zamanin da ba, na dai ce kada hannunka ya kwana saboda dala.

Af, Baffanka ya sake tayar da maganar zana surar mai rai da ya ji kana Ikko kana zane. Na ce masa abin da na gani a naka babu mai rai a ciki, ya yi shiru. Ba zan ɓoye maka ba, a na Salahi akwai fuskoki, kuma malamai suna da maganganu a kan wannan da kai ma ka sani. Ka nemi sani a wajen masana, ka tsaya inda zuciyarka ta natsu. Abin da ya burge ni dai, mutumin yakan yi salla kafin ya fara aiki. Kai kuma Auta ta ce sai hantsi kake amsa saƙo, wai ka kwana kana zane. Ina fata dai ba a shafe asuba da fenti.

Jiya da na je gona na zauna gindin gawon nan na kan iyaka. Ka san halinsa. Yanzu da kowane itace ke fitar da ganye shi ya kaɗe nasa tas, ya tsaya fayau sai ka ce ya mutu. Sai kaka ta wuce, rani ya ƙone komai, sannan ya yi kore shar, ya zubar wa awaki 'ya'ya. Na yi dariya ni kaɗai da na gano cewa itacen da Salahi ya shafe shekaru yana zanawa tun wajen 2000, wanda suke kira haraza a bakin kogin Nilu, gawo ne. Na sa Auta ta buɗe mini hotunan. Wasu ba reshe ba ganye, layuka ne kawai a jere, tsaye da kwance, masu launi, kamar gidajen zayyana. Da ba a gaya mini ba, ba zan ce itace ba ne. Da aka gaya mini kuwa sai na kasa daina ganinsa. Na san abin da zai burge ka a gawo: ya saɓa wa sauran itatuwa, kowa na kore shi yana tsirara, kuma haka matashi ke son ganin kansa. Manomi kuwa yana barinsa a gona ne don ganyen da ya zubar taki ne, kuma tunda ba ya inuwa da damina, geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina kyau. Na nuna wa mahaifiyarka ɗaya daga cikin hotunan ban ce mata komai ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ai kamar bakin zanen saƙi." Ba ta juya wayar ba.

Ga abin da nake so. Ka kira ta kafin Juma'a, kira na gaske ba saƙon murya ba, ka ba ta haƙuri. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka san ta, kalma biyu ta ishe ta. Sannan ka taho gida kafin 20 ga wata, ka zo da zanen nan kansa ko da naɗe shi za ka yi, don gani ya kori ji. Mu jingina shi a bangon tsakar gida da safe ta dube shi da girmansa, ni kuma in fito da allunan Alaramma biyu mu ajiye a gefensa. Kwalejin tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga nan. Mu je tare ka ga wurin, ka leƙa ɗakin zanensu, ka tambayi awa nawa za ka yi a aji a mako. In ka gani ka ce ba ka so, ba zan kama hannunka in sa a takarda ba, kuma ba zan yi fushi ba, shekara biyu dai na so ka gwada. Ɗakin zauren da gara ta yi wa ɓarna an yi masa siminti da sabon rufi, tagarsa na kallon arewa, ka taɓa ce mini haka masu zane ke so. Babu komai a ciki sai buhun gero huɗu, za a kwashe.

Na tura kuɗin mota ta asusun yayarka. Kada ka biyo motar dare, hanya ba ta da kyau. Mahaifiyarka ta ce in mun yi waya in tambaye ka ko har yanzu kana son dambun zogale, wai ta shanya da yawa. Ba ta san na rubuta wannan ba, kada ka nuna mata.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare. Wassalam.

Mahaifinka